Tsarabar da Ake Shafawa a Jiki: Sabulu, Mai da Ganye daga Ƙasashen Waje

A kwanakin da alhazai ke shirin komawa gida, shagunan da ke kewaye da Masallacin Annabi a Madina da na kasuwar Balad a Jidda kan cika da mutane masu takarda a hannu. Sunaye ne a jere: Gwaggo, Inna, surukuwa, matan wa, maƙwabciyar da ta riƙe yara, malamin unguwa. A da, amsar wannan takarda ba ta wuce dabino, zamzam, carbi, hula, darduma da zobe ba. Yanzu kusan rabin jakar sabulu ne da man shafawa, da man habbatus sauda, da zuma, da ƙullin ganyayyaki masu rubutun Larabci. Haka abin yake ga 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai da Istanbul, da masu rakiyar mara lafiya zuwa Alƙahira ko Delhi, da ɗaliban da ke dawowa hutu daga Maroko ko Maleshiya.

Dalilin wannan sauyi a fili yake. Sabulu ba shi da saiz, ba a cewa ya yi wa mutum yawa ko kaɗan kamar jallabiya. Dozin ɗaya ya sallami gida goma sha biyu. Yana da ƙamshi, yana da kwali mai kyau, kuma mata, waɗanda su ne mafi yawa a takardar, suna murna da shi. Sai dai wannan tsaraba ta bambanta da carbi da hula ta wata fuska da ba a cika tunawa ba: a fata ake shafa ta, wata a ido, wata a ciki. Wanda aka ba kuma ba zai tambaya ba. Kunya ta hana shi, yarda da mai bayarwa ta hana shi, in daga Makka ta fito kuwa, girman wurin ya rufe bakin kowa. Gwaggo ba za ta juya kwalba ta nemi ranar lalacewa ba. Za ta ce "Allah ya yi albarka, ya maimaita mana", ta shafa wa jikanta. Ashe binciken da mai saye zai yi don kansa, a nan mai tsaraba ne kaɗai zai iya yin sa a madadin mutane da yawa, kuma a shago zai yi shi, kafin ya biya.

Abin da ya fi ruɗar matafiyi shi ne ɗaukar wurin da aka sayar da abu a matsayin wurin da aka yi shi. Makka da Madina da Dubai kasuwanni ne, ba gonaki ba. Habbatus saudar da ke shagunansu yawanci daga ƙasashe irin su Masar, Indiya, Habasha, Siriya da Turkiyya take zuwa. Itacen oud ba ya fitowa a yankin Larabawa ko kaɗan, daga Asam ta Indiya da Kambodiya da Indonesiya da maƙwabtansu ake kawo shi. Sabulun da aka zana wa hoton raƙumi da dabino, in an duba gindin kwalin, sau da yawa wata masana'anta ce a gabashin Asiya ta yi shi, kuma irinsa na nan a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari. Ba laifi ba ne a saya, amma mutum ya san me ya ɗauko. Haka kuma rubutun da ke cewa "ɗabi'i ne ɗari bisa ɗari" bai ɗaure mai kamfani da komai ba a mafi yawan wurare. Ko a Amurka, hukumar FDA ba ta da wata ma'ana ta doka da ta gindaya wa wannan kalma a kan kayan kwalliya. Kowa na iya buga ta a kwalinsa, ya ƙara hoton ganye.

Akwai dai kayan da wuri ya yi suna a kansu da gaske, kuma su ne suka cancanci nauyin jaka. Babban misali shi ne sabulun Halab na Siriya. Man zaitun ne da man 'ya'yan itacen gar da sinadarin da ke mayar da mai sabulu, shi ke nan. Ana dafa shi cikin manyan tukwane a lokacin sanyi, a zuba a daɓe ya daskare, a yanka shi murabba'i, a buga masa hatimin mai sana'a, sannan a jera shi da tazara iska na ratsawa har tsawon watanni. Wannan shanya ce ke ba shi alamar da ba a iya ƙirƙira cikin gaggawa: bayansa ruwan ƙasa mai ɗan zinariya, cikinsa kuwa in an raba shi biyu kore ne shar. Ba shi da ƙamshin turare, warinsa na mai ne da ganye, wanda wasu mata ba sa so a karon farko. Kuɗinsa na hawa gwargwadon yawan man gar da ke ciki, shi ya sa masu gaskiya ke rubuta kason a jiki. Yaƙin Siriya ya tarwatsa masu wannan sana'a, da yawa suka koma Gaziantep da Mersin a Turkiyya suka ci gaba da ita, don haka sabulun Halab mai rubutun "an yi a Turkiyya" ba lallai jabu ba ne. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar cikin jerin al'adun gado na duniya, tare da ta sabulun Nablus na Falasɗinu, wanda shi fari ne, na man zaitun zalla. A ganina, da a ce mutum abu ɗaya kawai zai ɗauko wa mata goma, wannan ne. Ba ya zuba a jaka, ba ya lalacewa da zafi, kayan haɗinsa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Man argan na Maroko shi ma gaskiya ne, amma a nan ne aka fi cutar baƙo. Itacen na girma ne a kudu maso yammacin ƙasar, yankin Sus da tsakanin Sawira da Agadir, kuma tun 1998 UNESCO ta ware dajin a matsayin wurin da ake kiyayewa. Mata ne ke fasa ƙwallon da dutse, ɗaya bayan ɗaya, su fitar da ƙwayar ciki, aiki mai kama da na masu fasa kaɗanya amma ƙwallon ya fi tauri. Ana buƙatar 'ya'yan itace da suka kai kilo 30 ko fiye kafin a samu lita ɗaya. Wanda ya riƙe wannan lissafi a ransa ba zai yarda da babbar kwalba a kuɗin ruwan lemo ba. Irin wannan man girki ne aka ɗiga masa ɗan argan, ko ba a ɗiga ba ma. Akwai kuma iri biyu: na ci, wanda aka gasa ƙwayarsa, mai duhu da ƙamshin soyayyiyar gyaɗa, da na shafawa, wanda ba a gasa ba. A faɗa wa wadda aka ba wanne ne nata. Tare da shi Maroko na da sabulun baldi, baƙin sabulu mai laushi da ake yi da zaitun, da yumɓun gasul da ake haƙowa a tsaunukan Atlas don wanke gashi da fuska, da safar hannu mai kaushi ta dirzar jiki. Matan da suka saba da dilka da halawa sukan gane amfaninsu nan take.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Wanda ya je Oman ya nemi lubban na yankin Zufar, Salala ce kasuwarsa. Wanda ya je kudancin Indiya zai samu sabulun Mysore Sandal, wanda masana'antar gwamnati ke yi. Ruwan wardi na Ɗa'if a Saudiyya da na Isparta a Turkiyya suna da asali. Man wardin Ɗa'if kuwa, wanda ake tsinkar furensa da asuba a 'yan makonnin bazara, tsadarsa ta fi ƙarfin tsarabar jama'a.

Batun oud da miski shi ma lissafi ne kafin ya zama hanci. Oud na samuwa ne idan itacen ya ji rauni ko ya kamu da wata cuta, sai ya fitar da baƙin ƙaro a cikinsa, kuma ba kowane itace ke yin haka ba. An sare dazuzzukansa har aka sanya itatuwan ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Yarjejeniyar ta yi wa matafiyi rangwame na abin amfanin kansa: kilo 1 na gutsattsarin itace, mililita 24 na mai, wato kusan tola biyu, da carbi biyu. Abin da ya wuce haka yana buƙatar takardar izini. To, abu mai wannan ƙaranci ba za a sayar da kwalabe goma sha biyu nasa a riyal kaɗan ba. Na arahar haɗin masana'anta ne, itacen kuma farin katako ne da aka jiƙa da mai aka rina. Miski na ainihi daga jikin wata barewa ta tsaunukan Asiya yake, ita ma tana cikin dabbobin da aka taƙaita cinikinsu, don haka farin miskin da mata ke so da baƙin da ake saye dozin-dozin duk haɗi ne. Ba na ganin aibu a ba mutum turaren haɗi mai daɗin ƙamshi. Aibun shi ne a biya kuɗin na gaske a kansa, ko a ce wa mace tun da "ɗabi'i" ne tana iya sa shi a inda fata ta fi laushi.

Kwalin kansa yana magana ga wanda ya tsaya. A Turai da ƙasashe da dama, doka ta tilasta a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, da sunaye iri ɗaya ko a wace ƙasa ake. Idan an rubuta argan da manyan haruffa a gaba, amma a baya *Argania spinosa* ya zo can ƙarshe bayan turare da launi, to abin da ke ciki bai wuce ɗigo ba. *Sodium olivate* na nufin sabulun man zaitun, *sodium palmate* na manja, *sodium tallowate* kuwa na kitsen dabba ne, abin da mai kula da halal zai so ya sani. Hoton ƙaramin gwangwani buɗaɗɗe mai rubutun 6M ko 12M na nuna watannin da abin zai yi bayan an buɗe shi. Abin da babu sunan mai yi, babu adireshi, babu ranar lalacewa, sai alkawarin warkar da cuta arba'in, a bar wa mai shago kayansa.

Daga nan aka shiga ɓangaren da ya fi damuna, wato inda tsaraba ke rikiɗewa ta zama magani. A fara da kwalli, tun da babu hajiyar da ke dawowa ba tare da shi ba. Yawancin baƙin dutse mai sheƙi da ake niƙawa a yi kwalli ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka bi sawu aka gano kwallin da ake sa masa ne, wanda aka sayo a Najeriya, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na garin dalma ce. An sha samun irin haka a kwallin da ake sayarwa a ƙasashen Larabawa, Indiya da Pakistan. Yaro na murza ido ya kai hannu baki, dalma kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, a hankali, ba tare da zazzaɓi ko kuka ba. Mutanen da suka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba sa buƙatar a yi musu dogon wa'azi. Mai shago zai rantse cewa nasa ismid ne na sunna, amma ido ba ya bambance su, sai gwajin ɗakin bincike. Babba na iya zaɓar wa kansa. Jariri kuwa kada a sa masa.

Lalle na gaskiya ja yake kamawa, ko ja mai duhu, kuma yana ɗaukar sa'o'i. Wanda ke yin baƙi ƙirin cikin mintuna an zuba masa sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda ke tayar wa wasu da ƙuraje masu ruwa a daidai zanen, ya bar tabo, ya kuma bar jiki da ƙin duk wani rini mai wannan sinadari har abada. Likitocin Sudan sun daɗe suna fama da gubarsa. Ko jan lallen ma ba a shafa wa jariri, domin yara masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, kuma suna da yawa a yankinmu, lalle na iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini.

Sai man "gyaran fata" da sabulun "haske", masu hoton kurkum ko gwanda ko madarar akuya. An sha gwada irinsu a ƙasashe daban-daban a tarar da zaiba, wato makuri, ko maganin asibiti mai ƙarfi da ba a rubuta a kwali ba. Makuri na lalata ƙoda, yana ratsawa zuwa ɗan da ke ciki. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta taƙaita shi a kayan kwalliya, daga baya aka amince a hana shi gaba ɗaya, amma kwalbar da ba ta da suna ba ta san da wata yarjejeniya ba. Ban da haka ma, miƙa wa mace man bilicin da sunan tsaraba magana ce da ba kowa zai so a faɗa masa ba.

Maza ma ba su tsira ba. Zumar "ƙarin kuzari" da ake sayarwa a ƙananan fakiti masu ruwan zinariya ta zama tsarabar abokai, ana miƙa ta ana dariya. A 2022 FDA ta aika wa kamfanoni huɗu gargaɗi bayan ta samu sildenafil da tadalafil, wato magungunan da ke cikin Viagra da Cialis, ɓoye a cikin irin wannan zuma. Ga mai ciwon zuciya da ke shan maganin buɗe jijiya, haɗuwar biyun na iya faɗar da jini ƙasa warwas. Wanda ya ba shi kuwa zuma ya ɗauka ya bayar. Magungunan gargajiyar Indiya da masu zuwa asibiti ke tsinta a hanya su ma an bincike su: wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2004 ya samu dalma ko makuri ko asenik a 14 daga cikin 70 da aka saya a shagunan Boston. Ko sanamaki, wanda kowa ya sani, maganin wankin ciki ne mai ƙarfi, ɗan'uwan filaskonmu, kuma yawan shan sa na zubar da gishirin jiki, abin da ke da haɗari ga tsoho mai shan maganin hawan jini. Habbatus sauda da zuma da man zaitun suna da matsayinsu a addini da al'ada, ban zo rage musu daraja ba. Amma darajar habba ba ta wanke kamfanin da ya cakuɗa ta da tsohon mai. Zumar sidir ta Hadramaut kuwa, da ake samu daga furen dangin magarya da kurna, tsadarta ta sa jabunta ya fi na gaskenta yawa a bakin titi. Kowace irin zuma ce, ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Ra'ayina dai, abin da aka ce yana warkar da cuta ba tsaraba ba ne. Mai tsaraba bai san me ke damun hantar Baba ba, bai san ƙwayoyin da Inna ke sha da safe ba. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Ko ina ne kuma, a lura da wanda ya kai ka shagon. A Alƙahira, a Marrakish, a Istanbul, ɗan jagora ko direban da ya ce zai kai ka "wurin ɗan'uwansa" yawanci yana da kamasho, kuma a cikin kuɗin kwalbarka yake. Za a zaunar da kai, a kawo shayi, wani mai farar riga ya yi bayani kamar likita, sai ka ji nauyin fita hannu rabbana. Kasuwanni irin su Khan Khalili ta Alƙahira ko kasuwar kayan ƙamshi ta Deira a Dubai suna da masu gaskiya, amma sanin su sai ɗan gari. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi inda matan garin ke saye: kantin magani, babban kanti mai farashi a rubuce, shagon ƙungiyar masu sana'a, ko tsohon mai kayan ƙamshi da ɗalibanmu mazauna garin suka daɗe da sani. A sayi ɗaya, a yi wanka da shi a masauki, in ya yi sai a koma a ɗauki dozin.

Filin jirgi na da nasa hukunci. Tun 2006 ruwa ko mai ko kirim da zai shiga jakar hannu ba ya wuce mililita 100 a kowace kwalba a mafi yawan filaye, kuma girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Zuma da sabulun baldi duk ruwa ne a wurin jami'i. A babbar jaka, turare mai barasa da na fesawa suna da iyaka: rabin lita a kwalba, lita 2 gaba ɗaya ga mutum ɗaya. Mai yakan zubo a sama, don haka a naɗe murfi da salatif, a sa a leda biyu, a nisanta shi da farar shadda. Abu mafi haɗari shi ne kayan da doka ta halatta a can ta haramta a nan. A Turai da Amurka da Tailan ana sayar da sabulu da man shafawa masu sinadarin ganyen wiwi a fili, da hoton ganyen a jiki. A Najeriya aikin NDLEA ne, a Dubai da Saudiyya kuwa, inda da yawa ke canza jirgi, hukuncin ya fi tsanani. 'Ya'yan kashkash da Indiyawa ke zubawa a girki haramun ne shiga da su Daular Larabawa. Ƙullin garin ganye marar suna, ko da na kirki ne, yana iya tsayar da mutum sa'o'i, saƙon wani da ba ka ga cikinsa ba kuwa kada ya shiga jakarka ko na waye. Idan kuma tsarabar ta kai katan-katan, a wurin kwastan da NAFDAC ta zama haja, sai da rajista.

Wani abin dariya shi ne yawan kuɗin da muke kashewa a Landan da Faris muna sayo abin da ya tashi daga ƙofar gidanmu. *Butyrospermum parkii* da ke jikin gwangwani mai tsada man kaɗe ne. L'Occitane daga matan Burkina Faso take sayensa, The Body Shop kuma daga ƙungiyar mata ta kusa da Tamale a arewacin Gana tun 1994. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan kaɗanya, amma ɗanyarta take fitarwa wasu su sarrafa, har ta kai gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyar na wata shida a Agustan 2025. Haka man zogale, man kuka, sabulun darbejiya da garin zoɓo, duk muna da su a gida. Wanda ya dawo wa Gwaggo da man kaɗe daga Faransa ya sayo mata gwangwani ne. Amfanin wannan sani ya fi yawa a tafiyar zuwa: man kaɗe mai kyau, sabulun salo, humra da turaren wuta na Maiduguri tsaraba ce da mai masauki a Jidda ko Birmingham zai yi murna da ita. Goro ne kawai za a bari a gida in Saudiyya aka nufa, domin an hana shiga da shi.

Bayan an iso, aikin bai ƙare da rabo ba. Man habba da na argan ba sa jure zafin Kano ko Zinder a watan Afrilu, in suka kwana biyu a but ɗin mota ko suka zauna a taga za su yi hamami, don haka a raba da wuri, a ce a ajiye a inuwa. Rubutun Larabci ko Turkanci ko Faransanci da ke jiki ba kowa ke karantawa ba, kwalbar man shafawa kuma ta yi kama da ta sha. A ɗauki biro a rubuta a jiki da Hausa: na wanka, na gashi, na ci, ba a sha. Ƙananan kwalaben mai masu ƙarfi irin na na'ana'a da na turare ba a shafa su tsura, sai an tsarma da man zaitun ko man kaɗe, kuma a ɗaga su sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Mai juna biyu, mai jego da mai ƙaiƙayin fata a ba su sabulu marar turare, a ce su fara gwadawa a cikin dantse su kwana su gani kafin su kai fuska.